Riga Mai Gida Tara

Aikina rubutu ne. Tun da na sauke a makarantar allo a Gusau na zauna a kan alƙalamin kara da tawada, ina kwafar tsofaffin littattafai ga masu so, ina rubuta wa tsofaffi wasiƙa da ajami, wani lokaci a kira ni in sa sunan shago a bango ƙarƙashin na boko. Da wannan na yi aure, da shi na aurar. Laya kuwa ban taɓa naɗewa na ba wani ba. Malaminmu, Allah ya jiƙansa, ya hana mu, ni kuma na tsaya a kan hanin.

'Yar ƙanwata ce ta kawo mini maganar riguna. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, saboda haka ba na kiran sunanta, Uwata nake ce mata. Ta gama karatu ta zauna gida ba aiki, sai waya a hannu. A wayar ne ta faɗa cikin wani dogon labari da wata mata ke rubutawa kashi-kashi, har aka buga shi littafi bayan littafi. Labarin birane uku ne: ɗaya a cikin dutse, ɗaya a ƙarƙashin tafki, ɗaya a bayan raƙuma kullum yana tafiya. Masu karatun sun rabu uku, kowa da birninsa, suna musu kamar masu kallon ƙwallo.

Wata rana bayan la'asar ta zo ta durƙusa a bakin tabarmata.

"Kawu, rubutu nike so ka yi man."

"Na mi? Wani ya daina zuwa zance?"

"Kai Kawu! Na riga ne."

Ta ce rigunan nan masu gajeren hannu, da samari ke kira tishat, take so ta buga wa masu karatun, kowane birni da tasa. Ta nemi izinin mai labarin ta waya, an ba ta. A cikin labarin mutanen biranen da tsohon rubutu suke rubutu, don haka ajami ake so, nata ajamin kuwa kamar kaza ta taka tawada.

Ban yarda nan take ba. Na ce sai na ji abin da ke cikin littafin tukun, domin ba zan sa hannuna a abin da ban san ciki ba. Ta yi makonni tana zuwa tana karanta mini, ni kuma na kasa kunne ina jiran inda za a taɓa addini. Akwai aljanu, akwai maƙeriya mai magana da wuta, akwai kifi mai shari'a. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ƙaryar da ba ta ɓoye kanta ba, irin ta kakanni. Har na kama kaina ina tambayarta ko mutanen raƙuma sun sami ruwa. Daga ƙarshe na yarda, da sharaɗi: ba sunan Allah, ba aya, ba sunan Annabi, ba surar mai rai. Riga ce, za a shiga da ita bayi, za a jefa ta cikin wanki.

A zanen rigar tafki na yi igiyoyin ruwa. A na raƙuma na yi sawun ƙafa a jere. Na dutse ne ya fi sauƙi, domin littafin ya siffanta birnin sarai: ganuwa ce mai kusurwa huɗu, hanyoyi biyu sun ratsa biyu, unguwa tara. Na ja taswirar, na sa harafin farko na sunan kowace unguwa a gidanta, na yi wasali da jar tawada kamar yadda aka koya mana. A kewaye na rubuta taƙamar mutanen birnin, cewa su ba sa kai hannu akushi sai baƙo ya ƙoshi. Na duba na ga ya yi kyau. Har na ji daɗin kaina, Allah ya yafe mini.

Mai buga rigunan yana Tudun Wada, wani mutum mai ƙiba da dariya a kan komai, rediyonsa kullum a ƙure. Tun ranar farko ban sake da shi ba, saboda ya yabi zanen kafin ya gama buɗe takardar. Ya ɗauke shi hoto, ya sa a kwamfuta, ya fitar da shi a kan wata raga da aka ɗaure a firam na katako. Sai a shimfiɗa riga, a ɗora ragar, a zuba fenti, a ja da roba, a ɗaga. Abin da na yi kwana uku ina yi, shi kafin ka ce amin ya yi goma.

Da fari komai ya tafi yadda Uwata ta faɗa. 'Yan makaranta a Gusau suka saya. Wasu malamai mata a Bungudu, masu haɗuwa ranar Asabar suna karanta littafin tare, suka aiko a yi musu masu tsawo. Na ga yadda masoyan labarin suke: sai su yi rabin sa'a a waya suna gardamar launi, wannan ta ce ruwan tafkin kore ne a littafi na biyu, waccan ta ce shuɗi. Ta raƙuma ta fi fita. Ta dutse kuwa ta yi kwantai, domin mutanen birnin dutse a labarin masu girman kai ne, ba mai son a ce shi nasu ne.

Ana cikin haka, wajen kaka, sai ta dutse ta ƙare ƙaf. Aka sake bugawa, ta sake ƙarewa. Uwata ta zo tana murna ta ce wani mai sayar da kaya a kasuwar Tsafe ne ke ɗiba ƙunshi-ƙunshi.

"Ta tafki fa?" na ce.

"Bai so."

"Ta raƙuma?"

"Ta dutse kawai. Fara, kuma manya."

"Ya taɓa yi miki gardamar launi?"

"A'a."

"Ya taɓa tambayarki yaushe sabon littafi zai fito?"

Ta ce, "Kawu, kai komai sai ka sa mashi ido. Mutum ya zo saye, sai in ce ya ba ni labarin littafi na uku?"

Na ce ba haka ba ne. Amma abin ya tsaya mini. Yaushe mutanen Tsafe suka karanta littafi biyar, har suka zaɓi birnin da kowa ya ƙi, kuma dukansu ƙarti masu faɗin ƙirji?

Mai bugawa na fara zargi. Na ce ko ya ƙara wani abu a zanen da ban sani ba, tunda a kwamfutarsa yake. Washegari da hantsi na tafi shagon ba sanarwa, na ce a ba ni guda. Ya yi dariya ya ce, "Malam, bincike aka zo? Allah ya buɗa kasuwa, kai kuma ka zo da tabarau." Na zauna a benci na bi rubutun harafi-harafi da yatsa. Ba a ƙara ko ɗigo ba, ba a rage ba. Na miƙa masa, ya rataye ta a igiya tare da sauran da ke bushewa, na yi sallama na fita.

Sai da na tsallaka kwata na waiwaya. Daga can nesa ba a ganin me haruffan ke cewa. Abin da ake gani shi ne murabba'i mai gida tara, kowane gida da harafi ɗaya, baƙi da ja, rubutu ya zagaye shi. Na tsaya a gefen hanya har mai babur ya yi mini tsawa. Hatimi ne. Irin wanda ake sawa a laya, irin wanda tsofaffi ke ɗinkawa a rigar yaƙi. Na kwafi ɗaruruwan irinsa a littattafan mutane, hannuna ya saba, da aka ce ya ja birni sai ya ja abin da ya sani. Ni da na kafa sharuɗɗa huɗu, na manta da wanda ke gaban idona.

Kowa a ƙasarmu ya san halin da ƙauyuka ke ciki. Akwai gonakin da aka bari saboda mutanen daji, akwai hanyoyin da ba a bi sai a taru. A irin wannan lokaci mutum na neman duk abin da zai rataya a jikinsa. Idan wani ya sa rigar nan yana zaton tsari ce, ya shiga inda da ba zai shiga ba, to hannuna ne ya tura shi.

Ban gaya wa Uwata ba tukun, don zato ne kawai. Ranar kasuwar Tsafe na shiga motar safe. Ta taɓa kwatanta mini rumfar mutumin, a layin masu gwanjo. Na same ta, amma ban ƙarasa ba. Na zauna wajen mai shayi da ke kallonta, na sa hula ta rufe goshi, kamar wani ɗan sanda. Wanduna a rataye, riguna a rataye, huluna a jere. Tamu ba ta ciki.

Can sai wani mutum ya zo ya sunkuya ya yi magana ƙasa-ƙasa. Mai rumfar ya duba dama da hagu, ya sa hannu ƙarƙashin tebur, ya fito da abu naɗe cikin farar takarda, ya miƙa da hannu biyu. Mai saye ya karɓa da hannu biyu, ya tura cikin riga. Ba a buɗe ba, ba a gwada ba, ba a yi ciniki ba. Tun da nake ban taɓa ganin Bahaushe ya sayi riga bai ɗaga ta sama ya ja ɗinkin ba.

Na tashi na je na yi sallama, na faɗa masa ni ne mai rubutun. Ya miƙe har yana ture kujera.

"Allah gafarta Malam! Yau mun yi baƙo. A kawo ruwa?"

"Mi kake ce wa mutane?"

"Ni? Wallahi ban ce komi ba."

"To don mi take ƙarƙashin tebur?"

"Fara ce, Malam, datti."

"Takardar fa?"

"Ladabi ne. Rubutu ne, ai ba a wulaƙanta shi." Ya yi murmushi. "Sukan tambaya wa ya rubuta, in ce wani malami ne a Gusau. Ƙarya na yi? Su ce aikin mi take yi, in ce ni ba malami ba ne. Ƙarya na yi?"

Har yau ban san iyakar abin da mutumin nan ya faɗa da bakinsa ba. Wataƙila gaskiya ce bai furta komai ba. Akwai shirun da ya fi magana sayar da kaya.

Wanda ya saya bai yi nisa ba, ya ji ana cewa Malam, ya dawo. Manomi ne daga wajen 'Yankuzo, dattijo mai furfura kaɗan a gemu, hannuwansa duk kanta. Ya durƙusa ya kama hannuna. Ya ce wannan ta ƙanensa ce, tasa tana jikinsa. Ya ɗaga wuyan rigarsa na gani: ya sa ta a baibai, rubutun na taɓa fata.

Na ja shi gindin wata bishiyar bedi muka zauna. Ya ce yana da gona can nesa wadda ya shuka dawa da kasada, yana zuwa a sace yana dawowa. Yanzu ta nuna. Mutanen garinsu sun shirya za su riƙa tafiya a taru da safe, su dawo kafin la'asar, amma a haka ba zai gama ba kafin tsuntsaye su gama masa. Tunda ya sami riga, shi da ƙanensa za su tafi jibi su kwana can har sai sun yanke ta duka.

Na ce, "Bawan Allah, wannan ba tsari ba ne. Taswirar wani gari ce na cikin tatsuniya."

Ya gyaɗa kai yana murmushi. "Haka ne, Malam."

"Da gaske nake. Bari in karanta maka." Na buɗe takardar na karanta masa maganar baƙo da akushi, da Hausa ƙarara. Na nuna masa haruffan, na ce wannan unguwar maƙera ce, wannan ta marina.

"Na gane, Malam. Ba kowa aka hwaɗa ma ba." Ya rage murya. "Ni ba ni da surutu. Ko matata ba ta san abin da wagga riga taka yi ba."

"Ba ta yin komai!"

"To, to. Ba ta yin komi." Ya kalle ni irin kallon da ake yi wa wanda aka haɗa baki da shi.

A nan na ga ramin da na faɗa. A wurinmu malamin gaske ba ya tallar aikinsa, musu yake yi. Mai cika baki shi ne ɗan damfara. Duk ƙaryatawar da na yi ƙara masa yaƙini take. Na rantse, ya ce ai bai ƙaryata ni ba. Na yi tunanin in ce ya ba ni rigar, na ga zai ɗauka wata mafi ƙarfi zan musanya masa.

Na ce, "Tashi mu je Gusau ka ga inda ake yin ta. Kafin magariba ka dawo."

Ya yarda nan take, yana ganin an girmama shi. A mota tasbihi kawai yake ja. Ni kuwa ina ta roƙon Allah kada mu sami shagon a rufe.

Mun same shi a buɗe, rediyo na ta kiɗa. Mai bugawa na tsaye da singileti, yana shan rake da hannu ɗaya yana jan roba da ɗaya. Rigunan dutse ne ma a kan tebur, na wani sabon ƙunshin Tsafe. Shimfiɗa, ja, ɗaga. Shimfiɗa, ja, ɗaga. Manomin ya cire takalmi a bakin ƙofa. Mai shagon ya ce, "Baba, mayar da takalminka, ƙusa ce ko'ina."

Ya tsaya yana kallo. Na ga idonsa ya bi raken, ya bi rediyon. Ya matso kusa da ni ya ce, "Shina da alwala?"

Na tambayi mai shagon. Ya fashe da dariya ya ce, "Tun ta asuba ta tafi, Malam."

Duk da haka na ga mutumin bai saki ba. Fuskarsa na cewa wataƙila asirin a hannun wanda ya fara rubutawa yake, inji kwafa kawai yake yi. Sai ga shi fenti ya zuba a ƙasa. Mai shagon ya jawo wata riga da ta lalace wajen bugu, rubutun ya ɗan goge a gefe amma gidajen tara na nan sarai, ya jefa ta a kan fentin. Manomin ya zabura ya sunkuya zai ɗauke ta.

"Bar ta," na ce.

Ya ɗago ya kalle ni.

Ni tun ina ɗan shekara shida, ko guntun takarda na gani a hanya da harafin Larabci sai na ɗauka na soke a bango. Ban taɓa tsayawa karanta ko mene ne ba. Haka aka tashe mu. Na san abin da ke kan rigar nan, ni na rubuta shi, na san ba komai ciki sai akushi da unguwar marina. Amma ƙafata ta ƙi tashi. Sai da na ce a zuciyata, ya Allah ka san abin da nake nufi. Na ɗora takalmina a tsakiyar murabba'in, na murza, na goge fentin da ita, gaba da baya, har farin ya koma baƙi.

Mai shagon ya daina tauna rake. Ya miƙa hannu ya kashe rediyon.

Manomin ya daɗe yana kallon ƙafata. Ya san malami na iya musu, yana iya rantsuwa da dabara, amma ba ya taka abin da ya san akwai sunan Allah a ciki. Ya juya ya ba mu baya, ya cire babbar rigarsa, ya zare ta cikin, ya mayar da ta sama. Ya ninke ta ya ajiye a benci tare da ta ƙanensa. Bai yi fushi ba. Da ya yi da na fi samun sauƙi.

A wurin na sa aka wanke ragar da ke ɗauke da zanen, ina tsaye. Uwata ta yi kuka da ta ji, ta ce littafi ne ya ce birnin kusurwa huɗu ne, ba ita ba. Na ce ni ma ban ce ita ce ba. Daga baya ta sa aka zana ƙofar birnin kawai, da boko a ƙasa, aka ci gaba da sayar da duka ukun ga masu gardamar launi. Mai rumfar Tsafe bai sake zuwa ba. Waɗanda suka riga suka fita ban san adadinsu ba, ban san jikin da suke ba. Na roƙi limamai biyu da na sani a Tsafe su yi bayani bayan sallah, suka ce sun yi.

Amma a ranar, na raka manomin tasha. Muna jiran mota ta cika ya ce akwai mutum uku a garinsu da suka saya, zai gaya musu abin da ya gani da idonsa. Sannan ya ce, "Dawa dai ta nuna, Malam. Da riga da ba riga."

"Za ka kwana can?"

Ya daɗe yana murza tasbihinsa. "A'a. In bi jama'a da sahe, in dawo da su. Abin da ya samu."

Na ɗaga hannu na yi masa addu'a a bainar mutane, irin wadda kowane Musulmi ke iya yi wa ɗan'uwansa, ya shafa. Ya shiga mota bai waiwayo ba.

Bayan an gama kaka na tambayi wani direban hanyar 'Yankuzo da ya san shi. Ya ce yana nan lafiya, shi da ƙanen. Ya kwashe abin da ya iya kwashewa a 'yan kwanakin da jama'a suka yi suna zuwa, sauran ya bar wa tsuntsaye, kuma sauran ba kaɗan ba ne. Na ce ko ya ba da saƙo a gaya mini. Direban ya ce a'a, bai ce komai ba.